Ustad Mehraj, Mai Wuƙa a Yatsun Ƙafa

Da an sallame sallar asuba, tun masu shayi ba su gama hura wuta ba, Mehraj Din Kureshi, mahaucin da ake ce wa Ustad don gwanintarsa, ya riga ya buɗe rumfarsa a lungun bayan Ƙofar Mochi, cikin tsohon birnin Lahore. Shekara arba'in da uku abin da yake fara yi bai canza ba. Zai zauna a bakin dandamalin katako, ya tura takalmansa ƙarƙashi, ya wanke ƙafafunsa da ruwan zafi da sabulu har idon sawu, sannan ya juya ya hau. Ƙafar nan ba za ta sake taɓa ƙasa ba sai an kira azahar. Idan ya gyara zama sai ya maƙale ƙotar doguwar wuƙa tsakanin babban yatsan ƙafarsa da mai bi masa, kaifin yana kallon sama, ya kama tsoka da hannu biyu yana goga ta a kai. Hannu ɗaya yana ja, ɗayan yana laluben jijiya da tantani yana zarewa. Sai ya tsince naman tas yake ɗora shi a kututturen tsamiya, ya ɗauki adda biyu ya hau sara har ya yi laushi. Da ƙarar saran nan matan lungun suke gane lokacin tashin 'yan makaranta ya yi.

A saman rumfar akwai koren allo mai ɗauke da sunan mahaifinsa, Siraj Din, wanda ya kafa ta. Ustad bai gaji gida ba, bai gaji gona ba, sunan nan kaɗai aka bar masa. Gwiwoyinsa sun ƙi, ƙarshen watan nan zai ajiye wuƙa, kuma duk burinsa ya ajiye sunan da tsabtarsa kamar yadda ya karɓe shi. Saura ƙiris mu hana shi, mu ɗin nan da ya ciyar.

Mu mutanen Lahore, in an cire ci, ba mu da wata sana'a sai yanke hukunci a kan ci. Muna da zaure guda a intanet, mutum kusan dubu ɗari biyu, kowa gwani. Wanda bai taɓa dafa ƙwai ba zai cika shafi a kan wane gidan abinci ne romonsa ya yi tsararo, wane ne ya kawo saƙo gida gurasar ta huce, wane mahauci ne ya cika kitse. Shekara uku a jere zauren nan yana naɗa tsiren niƙaƙƙen nama na gidan abincin Shahzeb a matsayin wanda babu kamarsa a garin. An yaba gawayin, an yaba yajin, an yaba har kujerun. Ba wanda ya taɓa tambayar wa yake sara naman. To, Ustad ne, tun zamanin mahaifin Shahzeb.

Wata shida da suka wuce wani saurayi mai gyararren gemu, Zohaib, ya shigo lungun da waya a kan sanda. Yana cikin masu yawon gidajen abinci suna ɗaukar hoton bakinsu.

“Ustad, ci gaba da aikinka kawai, ka yi kamar ba na nan,” in ji shi.

Tsohon ya ɗauka karramawa ce ta zo. Ya sauya hula, ya aika aka kawo wa baƙon shayi mai madara, ya yi aikin a hankali don a gani da kyau. Zohaib ya sha shayin, ya yi godiya. Da bidiyon ya fito babu fuska, babu hannu, babu wankin ƙafa, sai yatsun tsoho da nama, da rubutu a sama: “Ku ga abin da kuke ci.” A ƙarshe aka hasko allon.

Mutum dubu arba'in suka yaɗa shi. Wanda kakansa da kakan kakansa a hannun irin waɗannan mahauta suka ci nama, shi ne ya fi kowa tofar da yawu. Kwana uku rumfar babu ciniki sai tsofaffin lungu, Ustad yana ta mamaki, har ya ji ana zancen bidiyon. Baji Kishwar, malamar makaranta da ta yi ritaya, wadda ta shekara talatin tana sayen nama a wurinsa, ita ya tsare.

“Baji, ke kin iya wayar nan. Me yaron ya ce a kaina?”

“Shirmen 'yan zamani ne, Ustad. Yanka min rabin kilo in tafi.”

“Ba zan yanka ba sai kin karanta min.”

Ta karanta masa tana tsallake munanan, shi kuma yana gane inda take tsallakewa. Da ta zo kan wanda ya rubuta, “Siraj Din, ashe ƙazantar ma gado ce,” bakinta ya riga hankalinta. Ustad ya jawo sikeli. Ya auna mata namanta.

Abin da ya fi ƙona rai bai zo daga baƙo ba. Shahzeb ya tsorata kada a gano, sai ya riga kowa rubutawa a zauren cewa su namansu daga kantin zamani suke ɗauka, mai gilashi da safar hannu. Kashegari da sassafe kuma sai ga shi a lungun yana waige-waige.

“Ustad, kada ka sa abin a ranka, kasuwa ce. Ka ci gaba da aiko min kamar kullum, amma a leda marar suna, ta ƙofar baya.”

Ustad ya dube shi ya ce, “Shahzeb, a kan katakon nan babanka yake zaunar da kai in zai zaɓi nama. A nan ka taɓa yi min fitsari, ban gaya wa gari ba. Naman da ake jin kunyarsa ni ba na sayarwa. Allah ya ba da sa'a.”

Ranar Ustad ya roƙi maƙwabta suka sauko masa da allon, ya kai shi gida ya jingina da bango. Ya ce ba zai bar sunan mamaci a titi ana jifa ba.

Shahzeb ya koma wa naman inji. Inji kuwa ba ya tsince komai, da jijiya da tantani duk yake markaɗewa, ya ɗumama naman ya mai da shi kamar ƙullu. Ba a yi wata biyu ba gwanayen zauren suka fara ƙorafi. Tsire yana zamewa daga tsinke, yana maƙalewa a haƙori, ba ya narkewa a baki kamar da. Sai bincike ya tashi. Wani ya ce an canza gawayi. Wata ta rantse mai gashin ne ya gudu Dubai, alhali bawan Allah yana nan yana shan hayaƙi. Wani mai dogon Turanci ya ɗora laifin a kan albasar bana. Mutum dubu ɗari biyu masu ɗanɗano, aka rasa ɗaya da zai haɗa bidiyon da ya yaɗa da tsiren da yake kuka a kai. Wallahi abin da ban haushi yake, da ban kunya.

Kai ne, Ustad, ba ka taɓa ɗaga wuƙa ba sai ka tambayi mai saye me za a dafa, don yankan romo daban, na shinkafa daban. Kai ne ka mayar da akuya shida a gaban jama'a ranar jajibirin Sallah, don ka danna cinya ka ga an ɗura musu ruwa su yi nauyi, ka wuni rumfa babu nama. Lokacin da mijin Baji Kishwar ya kwanta ciwon da ya hana shi tauna, wata bakwai kana sara masa nama sau biyu, har sai ya zama ana iya haɗiya da cokali, kuma ba ita ta roƙa ba. Mai hannu uku, in ji tsofaffin lungu. Ƙafar da aka zaga ita ce ta 'yantar da hannayenka suka tsare mana haƙora shekara arba'in da uku.

Makon jiya Shahzeb ya dawo, kujerun gidan abincinsa rabi babu kowa. Ya yi rashin sa'a, ya tarar da Baji a tsaye.

“A'a, mai gilashi da safar hannu! Ɓatan hanya ka yi?”

“Baji, don Allah. Ustad, na ji za ka bari. Ko na kwanakin da suka rage ne ka taimake ni, ka kuma nuna wa mai gashina yadda ake tsincewa.”

“Sai ya cire takalmi ya hau nan,” in ji Ustad. “Zai iya?”

“Zai hau. Me kake so in yi maka?”

“Ni ba na son komai. Sunan babana ka bari aka taka, kana da bakin magana ka yi shiru. Ka koma inda aka zage shi ka faɗi gaskiya.”

Shahzeb ya ce zai rubuta in ya koma gida. Baji ta ce gidan wa, ai ga waya a aljihunsa. Ta tsaya a kansa kamar mai tsaron jarrabawa har ya rubuta cewa tsiren da suka naɗa sau uku, naman rumfar Siraj Din ne, da wuƙar nan aka tsince shi, kuma shi ya yi ƙarya don tsoro.

Mutum nawa suka yaɗa wannan? Sittin da uku. Zohaib bai cire bidiyonsa ba har yau, yana can yana ɗaukar wani gidan kifi. Baji ta zo da wayar kashegari tana huci, tana cewa ina dubu arba'in ɗin, duk sun mutu ne? Ustad ya ce ta karanta masa kawai. Ta karanta.

“Ya ambaci sunan babana?”

“Ya ambata, Ustad. Siraj Din, ga shi nan ɓaro-ɓaro.”

“A wurin da aka zage shi?”

“A nan ɗin dai.”

“To shi ke nan,” in ji shi. “A ɗauko allon.”

Shi ya gamsu. Mu kam bai kamata mu gamsu ba. Duk wanda yake da hukunci a baki a kan abincin garin nan, ya koyi abu ɗaya daga mutumin nan, ya tambaya kafin ya yanka. Masu sana'a kuma su dubi wanda ya yarda ciniki ya tafi don kada sunansa ya shiga leda.

Mun gode, Ustad Mehraj. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya jiƙan Siraj Din. Kwana tara suka rage masa a kan katakon nan. In kana cikin dubu arba'in ɗin, ka san lungun, ai ka gan shi a bidiyo. Ka je kafin azahar ka yi masa sallama. Ba zai gane ka ba, zai dai tambaye ka me za a dafa.