Daktan Tsutsar Ciki na Kasuwar Birnin Gwari

Muttaka Ɗanlami shekarunsa hamsin da biyu, kuma shi ya raɗa wa kansa "Dakta". Duk ranar kasuwa yana nan da lasifika, yana rantsuwa kwalbarsa ɗaya na share tsutsar ciki har jikokinta.

Wajen Mama Alice ya ga sana'ar, wata tsohuwa 'yar Dogon Dawa da ta shekara arba'in tana haɗa maganin tsutsa da ɓawon marke. Ita takan shiga daji ta zaɓi bishiyar da ta manyanta, ta sassaƙi gefe guda, ta shanya a inuwa kwana bakwai. Mako uku ya yi yana kallonta, ya ce ya sauke karatu.

Da 'yan bindiga suka hana shiga daji, marke ya yi wuya. Ko a jikin Muttaka. Ya koma sassaƙar duk itacen da ya gani a bakin hanya, ya baza a kwalta kamar masara, babura na bi ta kai. A ganinsa ɗaci mutane ke saye.

Bana sai 'yarsa Ummi, mai shekara biyar, ta rame, ciki ya yi tulu, abinci ya gagara. Matarsa Ma'u ta zaro kwalba ɗaya daga jakarsa. Ya yi wuf ya fizge.

"Ke, ajiye! Wannan na kasuwa ne."

"Au, Baban Ummi, 'ya'yan kasuwa ba su da uwaye ke nan?"

Ya lallaɓa wajen Mama Alice, wadda yanzu ke zaman gudun hijira a cikin gari.

"Dakta guda a ƙofata?" in ji ta. "Rabona da marke tun da aka kore mu. Ragowar ma masu bincike na jami'a sun ɗauka su auna, har yau shiru. Ni ba na ba yaro abin da ban san bishiyarsa ba. Kai ta asibiti, ɗana."

Ya goya Ummi a babur har wani ƙaramin asibiti wajen Saminaka, inda ba a san fuskarsa ba. Aka duba bayan gidanta, aka ba ta ƙwaya. Cikin mako guda ta koma cin tuwo.

Ranar kasuwar da ta wuce, Muttaka ya ɗora Ummi kan benci, ya ɗaga kwalba sama, ya kunna lasifika.

"Jama'a, ku dubi 'yata! Shaida ke nan!"