Ba A Wuce Babur Ɗin Mamaci

Ni tela ne a Daura, kuma ban yi boko mai nisa ba. A ƙaramar sakandare na ajiye. Wanda ya ga rubutuna ya karkace, ya yi haƙuri ko kada ya yi, duk ɗaya ne a wurina. Bayan keken ɗinki, abin da na sani a duniya shi ne babur.

Tun muna samari muke da taronmu na masu son hawa. Mu ba 'yan acaɓa ba ne, ba ma ɗaukar kowa. Ranar Lahadi sai mu haɗu da safe, mu zaɓi hanya, mu tafi. Wata rana Mai'adua, mu leƙa kasuwa. Wata rana har Kongolam, mu sha shayi muna kallon manyan motoci suna jiran tsallaka iyaka. Wata rana kuma mu bar kwalta gaba ɗaya mu faɗa cikin yashi, don kawai mu ga wa zai fara faɗuwa mu yi masa dariya. Kowa da sifanarsa da fulogin ajiya a ƙarƙashin kujera. Wanda bai iya kwance kafiretarsa a gindin bishiya ba, ba ma kiransa mahayi.

Muna da wata al'ada da ba wanda ya taɓa rubuta ta. In ɗayanmu ya rasu, bayan iyalinsa sun fita takaba, mu za mu gyara babur ɗinsa mu kai wa magada har gida. Da injinsa zai je, ba a ɗauke ba. Aminin mamacin ke hawa, shi ke gaba, kuma a ranar nan ba mai wuce shi. In ya yi gudu mu yi gudu, in ya ja ciki mu ja ciki, in ya tsaya kowa ya kashe injinsa ya sauko.

Aminina kafinta ne, mutumin wani ƙauye gaba da Baure, amma a Daura yake sana'a. Hawan jini ya kwantar da shi, bai tashi ba. Allah ya jiƙansa. Babur ɗinsa tsoho ne, irin mai hayaƙin nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai. Salansarsa ta fashe tun ban san yaushe ba, ya ƙi gyarawa. Ƙararsa kamar injin markaɗe. Mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, idonta ya yi rauni ƙwarai, amma tun yana kwarin da ke bayan garin take jin zuwansa, ta sa a dama fura kafin ya iso ƙofar gida.

Da na je mata ta'aziyya, ta riƙe hannun rigata ta ce, "Ɗan nan, wannan abin nasa mai ihu, za ku kawo shi?"

Na ce, "Za mu kawo shi, Inna."

Ta ce, "To ku kawo mini shi yana ihun."

Shi ke nan alkawarin.

Sai dai taron namu ya riga ya sauya kafin lokacin. Wasu sababbi sun shigo, masu manyan babura irin waɗanda in sun wuce ka sai ka ji ƙirjinka ya amsa. Rigunan fata, hular kwano mai kyamara a goshi, takalmi har gwiwa. Suka ce zama haka kara zube ba tsari, aka mai da mu ƙungiya, aka yi zaɓe, wani Alhaji ɗan kwangila ya zama shugaba. Aka yi riguna iri ɗaya masu tambari a baya. Ga ni tela a cikinsu, amma Kano aka kai ɗinkin. Ban ce komai ba a lokacin. Yanzu nake faɗa.

Da matar aminina ta fita takaba, na kawo maganar babur a zaman ƙungiya. Shugaba ya gyara murya ya ce an riga an tsara. Za a kai wa iyali kayan abinci a a-kori-kura, sai a ɗora babur ɗin a bayanta, mu kuma mu raka.

Na ce, "Alhaji, ba a ɗaukar babur ɗin mamaci."

Ya ce, "Tela, injinanmu ba sa son tafiyar hawainiya. Zafi suke yi. Wannan akwalar in muka bi ta a baya, sai magariba."

Na ce, "To magaribar ta yi mana a hanya. Akwai masallaci a kowane gari."

Wani daga cikin sababbin, mai gemu a gyare kamar an auna da tef, ya ce shi a ganinsa ma abin ya yi kama da bidi'a. Na juya na dube shi na ce, "Malam, ba ibada muke yi ba. Kayan marayu za mu mayar. In kana da littafin da ya ce sai an ɗaure su da igiya a bayan mota, kawo mu gani." Aka yi dariya, shi bai yi ba. Shugaba ya ce to, in babur ɗin ya tashi, a bi al'ada. Ya faɗe shi ne da muryar wanda ya tabbata ba zai tashi ba.

Iyalin marigayi sun riga sun koma ƙauye wurin Inna, sai na turo babur ɗin daga zauren gidansa na Daura zuwa ƙofar shagona. Watanni yana tsaye. Tayoyi sun sace, batir ba a maganarsa, sarƙa ta bushe ta yi ja, gizo-gizo ya yi gida a cikin fitila. Na rufe ɗinki, masu kaya suka yi ta zarya suna zagina a ransu. Kayan gyara kuwa a wurin Oga nake samu, wani ɗan Ibo mai shagon kayan babur da ya daɗe a Daura har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan boko. Ya san marigayi, ya sha faɗa da shi kan farashin fulogi. Da ya ji abin da nake yi, ya rufe shago ya zo da kansa. Ya buɗe tankin mai, ya haska ciki da wayarsa, ya yi tsaki.

Ya ce, "Malam Tela, wannan ba tanki ba ne, gona ce. Tsatsa ta cinye ciki. Zo in ba ka sabo."

Na ce, "Sabo ka kai wa Alhaji. Wannan da hannunsa ya fente shi, da ragowar fentin gadon wata amarya. Ga inda gwiwarsa ta lotsa shi ranar da ya faɗi a hanyar Mai'adua. In na cire wannan, babur ɗin wa zan kai?"

Ya ce, "Kai da shi duk taurin kai. Shi ya sa kuka daɗe tare."

Muka kwance tankin, muka zuba kananzir da tsakuwa, muka yi ta girgizawa muna zubarwa har ruwan ya fara fitowa fari. Oga ya ce bai gama fita ba. Na ce ya isa. Na canja tif ɗin tayoyi, na wanke kafireta, na jiƙa sarƙa da baƙin mai, na sa sabon fulogi. Salansa kuwa ban taɓa ta ba. Da na buga kik ya kama, duk layinmu sai da aka leƙo. Wata maƙwabciya ta saki tsintsiya ta yi salati, don ta zaci mai shi ne ya dawo.

Ranar tafiya tsakiyar damina ce, an yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi. Na hau gaba. Manyan babura suka jeru a bayana suna gurnani, tsofaffin abokanmu a tsakiyarsu, a-kori-kura a ƙarshe da buhunan shinkafa. Ba zan ɓoye ba, na ji alfahari. Muka bar Daura hayaƙina yana shiga hancin Alhaji, na ce a raina, sha, turaren mai gida ne.

Mun wuce Zango kaɗan sai injin ya fara tari, ya shaƙe, ya mutu. Kowa ya tsaya, gaskiya sun tsaya. Na kwance kafireta na samu garin tsatsa ya toshe ta. Na busa, na wanke, na mayar, muka ci gaba. Ba mu yi nisa ba ya sake. Suka sake tsayawa, amma wannan karon ba wanda ya kashe injinsa. Da ya kuma mutuwa kafin mu kai Baure, shugaba ya matso da babur ɗinsa kusa da ni, ya ɗaga gilashin hularsa.

Ya ce, "Tela, mun gwada. Allah ya gani. Mutane na jiranmu a can, an yi girki. A ɗora shi a mota."

Na ce, "Ba za a ɗora ba."

Ya ce, "To mu dai za mu yi gaba."

Na ce, "Hanya ta gwamnati ce, Alhaji. Amma ka san babur ɗin wa za ka wuce."

Ya sauke gilashinsa ya wuce. Sababbin suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, wannan bai dame ni ba, ba su san mutumin ba. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne tsofaffin. Mutanen da marigayi ya yi wa facin taya a cikin rana, ya ba su man tankinsa, ya yi wa 'ya'yansu gadon aure. Suka wuce suna kallon ƙasa. Ɗaya ya ce, "Yi haƙuri, Tela," kamar ni ya yi wa laifin.

Direban a-kori-kura ya rage, ya sauko da igiya a hannu. Ya ce, "Baba, kama mini mu ɗaga, ba wanda zai sani. In mun kusa garin sai mu sauke ka tayar." Na ce masa ya kai shinkafarsa kafin ruwa ya sauko mata. Ya kaɗa kai ya tafi.

Na zauna a gefen kwalta ni da babur. Oga ya yi gaskiya, tankin ne. To tankin ba zai ciyar da injin ba, kuma ba zan cire shi ba. Na tsinci robar ruwa a bakin hanya, na huda murfinta, na zare tiyon mai daga tanki na cusa a ciki. Aljihun tela ba ya rasa ƙyalle. Na tace fetur da shi daga tanki zuwa roba, na ɗaure ta a kan hannun babur kanta a ƙasa, na ɗan huda gindinta don iska. Ba wata hikima ba ce, duk tsohon mahayi ya san wannan. Wahalarta ita ce robar ba ta ɗaukar mai da yawa. Ka yi tafiya kaɗan, ka tsaya, ka tace, ka cika, ka buga kik. Haka na ratsa Baure, mutane na nuna ni suna dariya, wandona ya jiƙe da fetur. Na yi azahar a wani masallacin bakin hanya, na bar kwalta na kama hanyar ƙauyen.

Hanyar siririya ce, yashi a tsakiya, gero ya yi tsawo dama da hagu. Ina cikinta bayan la'asar sai na hango fitilu suna tahowa. Su ne. Sun ci, sun yi addu'a, sun ɗauki hotuna, sun juyo. Shugaba na gaba, yana yi mini alama da hannu in raɓe.

Ban raɓe ba. Ban rage mai ba, ban ƙara ba. Na riƙe tsakiyar hanya da robata tana lilo, salansa na ihu. Sun wuce babur ɗin mamaci da safe, ba zai kuma kauce musu da yamma ba. Da shugaba ya ga da gaske nake, ya karkata ya shiga kunyar gero, babban babur ɗin nan ya nutse a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya sa ƙafafu biyu yana tokarewa. Na bayansa ma suka watse cikin gonar mutane. Na ratsa ta tsakiyarsu ban dubi kowa ba. Na ji yana kira, "Tela! Kai Tela, ba ka da hankali ne?" Wataƙila ba ni da shi.

Da na gangara kwarin bayan gari, na ji wani inji a bayana. Na duba madubi. Biyu daga cikin tsofaffin ne suka juyo, suna biye da ni a hankali, ba su matso ba. Sun makara, amma dai a baya suke, inda ya kamata.

A kwarin na buɗe masa wuta sosai, don a nan Inna take fara jin sa.

Na same ta a tsaye a ƙofar gida, ta dafa bango, ba mayafi ma a kanta sosai. 'Yan'uwan marigayi sun fito suna kallon robar da ke rataye. Na tsaya a gabanta ban kashe ba. Ta miƙo hannu tana lalube har ta taɓa tankin, ta bi shi da tafinta, ta tsaya a inda ya lotsa. Ta daɗe a haka, injin na karkarwa a ƙarƙashin hannunta.

Sannan ta ce, "Waɗancan sun ce ya lalace a hanya."

Na ce, "Ya lalace, Inna. Ya kuma zo."

Ta ce, "Mai shi ma haka yake yi mini, kullum sai fura ta yi tsami kafin ya iso. Kashe shi haka nan, ya ishe ni. Shigo ka sha."

Na kashe, na zare makulli na sa a hannunta.

A zaman da ya biyo baya aka ce na ci mutuncin shugaba, na jawo an tattake geron bayin Allah, sai na ba da haƙuri a gaban kowa ko a dakatar da ni. Mai gonar na je na same shi da kaina, mun fahimci juna. Shugaba kuwa, na san ya kai wa marayu abinci, Allah ya ba shi lada, ban hana shi wannan ba. Amma haƙuri ban bayar ba, kuma ba zan bayar ba. Na ninke rigarsu mai tambari na aika musu, da ma ɗinkin kafaɗarta a karkace yake.

Yanzu ranar Lahadi ni kaɗai nake fita, wani lokaci da mutum biyun nan. Na riga na gaya wa babban ɗana, in tawa ta zo, kada ya bari kowa ya kawo igiya kusa da babur ɗina. In ba a samu mai hawa gaba ba, ya hau da kansa, ko da zai kwana a hanya.