Ranar da Aka Ɗaure wa Kawu Haɓa a Tsakiyar Teku

Ni har gobe ina faɗa, ba da ni aka shirya tafiyar nan ba, ja na aka yi. Amma ko zan manta ƙofar gidanmu na unguwar Harra ta Gabas a Madina, ba zan manta abin da ya faru da ni da Kawu da injinsa a cikin jirgin ruwa ba.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne. Ina da shekara sha tara, makaranta ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita, kullum ina gefen masallacin Ƙiblatain ina sayar wa alhazai carbi ina tsokanar masu wucewa. Ummi ta kira ni ta ce, "Kai da ba ka da aikin fari, za ka raka Kawunka Bur Sudan." Na ce ai yana da 'ya'ya. Ta ce su suna da aiki.

Kawu yayan Ummi ne, direban motar alhazai, ƙaton mutum, wuya kamar turmi. Minsharinsa har maƙwabta sun haddace shi. Matarsa, Hajiya, ta shekara da shekaru tana cewa in yana barci numfashinsa yana ɗaukewa, shi kuwa yana cewa sharrin mata ne, ai shi bai taɓa ji ba. Sai da ya yi barci a kan sitiyari a hanyar filin jirgi, da alhazai cike a mota, sannan 'ya'yansa suka kai shi babban asibiti a Riyad. Ya dawo da inji. Su Hajiya jihaz suke ce masa. Akwati ne mai nauyi kamar an cika shi da duwatsun Harra, ga doguwar tiyo, ga wata roba da ake ɗaura wa mutum a hanci, tana hura masa iska don kada maƙogwaro ya toshe. Likita ya ce ya huta da tuƙi, shi ne 'ya'yan suka yanka masa tikitin jirgin ruwa, ya sha iskar teku, ya ga dangi a ƙasar Sudan. Ni ne ɗan dakon injin.

A bakin mota Hajiya ta riƙe mini hannun riga. "Ko gyangyaɗi zai yi, ka sa masa. Ka ji ni? Amana na ba ka."

Mun shiga jirgi a Jidda da hantsi. Ɗakinmu gado huɗu, soket ɗaya, shi ma mushe. Kawu ya yi murna. "Kalas, ya waladi, shi ke nan, ɗana, Allah ya raba mu da wannan iblishin." Ba a daɗe ba teku ta fara juya masa ciki, wani Bamisire ya ba shi ƙwayar jiri, ya ce ya sha ɗaya. Kawu ya dubi girman jikinsa ya sha biyu. Ana idar da azahar ya fara layi.

Na bi jirgin nan lungu-lungu ina neman wuta. Inda na samu kawai shi ne masallacin jirgi, bayan akwatin lasifika. Na cire na lasifikar na cusa namu. Na lallaɓo Kawu, ƙwaya ta kashe masa bakin gardama, na ɗaura masa robar. Ya kwanta a kan damansa yana fuskantar alƙibla, yadda ya saba, na lulluɓe shi da farin mayafi saboda sanyin ɗakin. Yanzu da nake ba ku labari na ga yadda abin yake kama da wani abu. A lokacin wallahi ban gani ba.

Akwai wani dattijo a kusurwa yana jan carbi, Bahaushen Sudan ne da ke komawa gida daga umara. Ya matso ya ce, "Yaro, mene ne wannan a fuskar babanka?"

To ni bakina ba ya jin shawara. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, rai ne yake son fita, wannan yake tura shi ciki. Likita ya ce sai addu'a." Na jira ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ni kuma na haye sama wajen samarin da ke buga karta.

Da na sauko kusa da la'asar, sai na ga takalma jibge a ƙofar masallaci, mutane har waje, ana karanta Yasin. Na kutsa. Ga Kawu a inda na bar shi, amma ba roba a fuskarsa. Ladan ya cire filoginmu zai kira salla, dattijon nan kuma da ya ga inji ya mutu, ya ce a cire wa bawan Allah takunkumi ya samu ya cika da kalmar shahada. Yana durƙushe a kansa yana laƙƙana masa a kunne.

Na buɗe baki zan ce wasa nake, sai idona ya kai ƙirjin Kawu. Ba ya motsi. Ni minsharinsa kawai na sani ta bayan bango, ban taɓa tsayawa na kalli barcinsa ba. Baki a buɗe, leɓe ya yi duhu, shiru. Na ƙirga a raina har na rasa inda nake. Can sai ya ja wani gurnani, ƙirjin ya tashi, mutane suka yi salati.

Dattijon ya dube ni da jajayen idanu. "Sau biyar ke nan yana tafiya yana dawowa. Ran mutumin kirki ne, yana jin nauyin barinku. Ka yi haƙuri, ɗana."

Kaina ya kulle. Ni na ƙirƙiri maganar nan da bakina, ga shi kuma ina ganinta da idona. To ƙarya na yi, ko gaskiya na faɗa ban sani ba? In injin ne yake riƙe da ransa, ni na kashe shi da karta ke nan? Me zan ce wa Hajiya? A bayana wasu har sun fara gardama, wani ya ce a kai shi Bur Sudan, wani ya ce zafi ba zai bari ba, sai dai teku. Wata tsohuwa daga bayan labule ta ce, "Allah sarki, mutumin Madina, ya baro maƙabartar Baƙi'a ya zo zai ƙare a cikin kifi." Wannan ce ta karya ni. Na fashe da kuka na gaske, ni da na shekara ban yi ba.

Da kukan na rarumi filogi na nufi soket. Ladan ya tare ni, ya ce lokacin salla ya shiga. Na ce ya kira da bakinsa, ai masallacin bai fi ɗakin girki ba, kuma duk jirgin ma yana nan. Muna ja-in-ja, Kawu ya sake ɗaukewa. Wannan karon ta yi tsawo. Dattijon ya ce innalillahi, ya shafa masa ido, ya yage bakin rawaninsa, ya zagayo da ƙyallen ta ƙarƙashin haɓa ya ƙulle a ka.

Ashe rufe masa bakin nan shi ne abin da ƙwaya biyu ba ta iya jurewa ba. Kawu ya yi wata irin shaƙuwa kamar an tayar da tsohuwar mota, ya zabura ya zauna, ƙulli a tsakar ka kamar kunnen zomo. Sahun gaba ya watse. Ladan ya bar ni da filogi a hannu. Kawu ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya yi magana ta cikin haƙora, don haɓar a ɗaure take: "An yi la'asar?"

Sai da ma'aikacin jinyar jirgin ya zo ya yi bayani da Larabci, ni ma na fito na ce tsokana nake yi, sannan aka fahimci juna. Dattijon bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Cewa ya yi, "Yaro, na yi wa babanka kukan da ban yi wa ƙanena ba." Tun ranar na koyi cewa in mutum ya tambaye ka ciwon wani da zuciya ɗaya, ka ba shi amsa da zuciya ɗaya. Tsokana tana da wurinta, har yau ina yi, amma ba a kan numfashin mutum ba. Kuma amanar da aka ce ka zauna a kanta, ba a barin ta a tafi karta.

Da muka koma ɗaki Kawu ya tsare ni. Ya ce na tozarta shi a gaban duniya, da ni da Hajiya da likitan Riyad duk bakinmu ɗaya, kuma injin nan ba zai ƙara hawa fuskarsa ba, in na matsa ma zai wurga shi a teku. "Lafiyata ƙalau. Barci kawai na yi. Wa ya taɓa ganin numfashina ya tsaya?"

Na share hancina na ce, "Kawu, sahu uku ne a masallaci, har da mata a bayan labule. In kirawo su, ko in jona inji?"

Ya dubi injin, ya dubi ƙofa. Sannan ya ce, "Je ka roƙi ladan ya ara mana soket."