Zaren Ƙanwata a Kwallar Inna

Shekarun baya ne, a shekarar da damina ta yi mana gardama soja kuma suka karɓe mulki, ƙanwata ta zo ganin gida daga Dakar. Yamai ta cika da baƙin da yunwa ta koro daga ƙauyuka, tiyar gero kullum sai ta ƙara tsada, rediyo kuwa daga kiɗan soja sai sanarwa. Ni ina unguwar Gamkalley, ina riƙe da garkar da mahaifinmu ya rasu ya bari a bakin gulbi. Saboda garkar nan na bar lise, wato babbar sakandare, ban gama ba. Ƙanwata ta gama, ta samu bursu, wato tallafin karatu, ta tafi karatu bakin teku. Ban taɓa buɗe baki na ce an kware ni ba, amma zuciyata ta sha faɗa a madadina.

Da ta buɗe jaka ina ta leƙe, ko akwai atamfa ko turare. Sai ta ciro wani farin zare a naɗe, mai ɗan kauri, kamar wanda ake ɗinke bakin buhu da shi. Wai shi ne karatun nata. Mahaifiyata ta karɓa da hannu biyu, har da bismilla.

"Inna, wannan ba irin ledar da ke kashe mana tumaki ba ce," in ji ƙanwata. "Daga tsirrai ake yin sa. In ya faɗa teku, akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ke taruwa a jikinsa su yi masa yauƙi. Ba su iya haɗiye zare haka nan, sai su fitar da wani ruwa da ke yanka shi gutsi-gutsi, sannan su shanye. Ƙarshe ba abin da zai rage sai ruwa da iska, su kuma sun ƙoshi. Ledar kasuwa kuwa ta fi ƙarfinsu."

"Ikon Allah," in ji mahaifiyata.

Ni kuwa na ce, "To madalla. Mutane na kwana da yunwa, ke an tura ki ciyar da abin da ido ba ya gani."

Ta yi dariya, don ta saba da bakina. Daga nan ta roƙe ni alfarma. Tana so ta san ko ƙwayoyin gulbinmu za su ci zaren kamar yadda na teku ke ci. In ɗaure shi a turke cikin ruwa, in riƙa dubawa, in ta kira in gaya mata abin da na gani. Ta raba zaren biyu don ɗaya ya zauna a ajiye ko da wani abu ya faru. Kafin ta miƙo mini, mahaifiyata ta zare ɗayan ta ce wannan nata ne, ta kai ɗaki ta jefa cikin kwallarta ta rufe.

"Kada ki bari ya bushe, yaya," in ji ƙanwata ranar da za ta koma. "In ba ruwa, ba sa taɓa shi."

A shekarar fari aka ce kada in bar abu ya bushe. Gulbi kullum sai ya ja da baya. Inda na kafa turke yau, kafin mako ya zagayo ya koma laka, sai in tumɓuke in ƙara gaba. Ga ban-ruwa yana jirana, ina ɗibar ruwa da arozuwa, butar ban-ruwa, daga nesa har kafaɗuna suka kumbura, don ganyen salati ba ya jin uzuri. Maƙwabciyata a garka, wata Bazabarma mai bakin tsiya, in ta hango ni tsakiyar ruwa na tattare zane sai ta ɗaga murya da gaisuwarsu: "Fofo, mai kiwon zare! Ya haihu ne?"

Tsiyarta ba ta dame ni ba, abin da nake tararwa a gida shi ke ci mini rai. Duk baƙuwar da ta shigo, ko daga unguwar Wadata ko daga Bobiel, ko danginmu na Maraɗi da suka zo neman agaji, sai an buɗe kwalla. Mahaifiyata za ta shimfiɗa zaren a tafin hannunta ta ce, "Na ɗiyata ne, ta wajen teku. Ƙwari ke cinye shi, ba a ganinsu." Suna ta salati da mamaki, bakinsu cike da kwaɗon da na nomo ganyensa. Ni da na shigo da laka har gwiwa, sannu ɗaya nake samu, ita ma rabinta tambaya ce, wai na rufe ƙofa? Kishi na ji, ba wani suna da zan ba shi. Da girmana ina kishin zare.

A raina na so ƙwayoyin nan su ƙi ci, in samu abin faɗi. Suka ba ni kunya. Da farko zaren ya yi santsi, in na shafa sai yauƙi ya biyo yatsana. Daga baya ya yi duhu, ya fara tsattsagewa, wani wuri ya sirance har na ji tsoron taɓawa. Ban san lokacin da na fara ɗokin zuwa dubawa ba. Na dawo gida da murnata na ce, "Inna, sun fara ci fa, da idona na gani." Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Allah ya yi wa yarinyar nan albarka." Na tsaya ina jira ko akwai saura. Babu.

Ana nan sai makiyaya suka gangaro da shanu, don rijiyoyin daji sun ƙafe. Wata safiya na iske bakin ruwa ya dagule da sawun kofato, turkena a karye, zare ko ƙyallinsa. Na yi ta lalube cikin laka har rana ta take. Ban ga laifin dabbobi ba, ƙishirwa ce ta koro su. Na tuna akwai rabi a gida, na nufi ɗakin mahaifiyata ko ƙafa ban wanke ba.

"Inna, ba ni zaren nan, shanu sun tattake nawa."

"A'a."

"Don haka fa ta raba shi biyu. Aikinta ne zai lalace."

"In kin sa shi a ruwa cinye shi za su yi. Ba zan bayar ba."

Nan abin da na daɗe ina haɗiyewa ya fito. Na ce ni na bar lise, ni ke bin gulbi yana guduna, ni ke cika tukunyar gidan nan cikin wannan fari, amma ba a taɓa nuna ko tsinkena ga baƙo ba. Na ce da zare aka mai da ni, da na samu wurin kwana a kwalla. Ina faɗa ina kuka, ga laka tana bushewa a ƙafafuna.

Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Ƙanwarki, wannan kaɗai gare ni nata a ɗakin nan. Ke me zan ajiye? In ina son ganinki, ɗaga labule nake yi."

Na fita tsakar gida na zauna kan turmi. Can sai ga ta da ruwa a bokiti, ta aje gabana ta ce in wanke ƙafa kar ta tsage. Da ƙanwata ta kira na gaya mata duka, turke da shanu da kwalla. Ta ce abin da na gani ya ishe ta. "Ki bar mata shi, yaya."

Zan so in ce muku daga ranar kishin ya tafi, amma ƙarya zan yi. Har yau in na tuna yadda take shimfiɗa zaren nan a tafin hannu, sai kishin ya sake motsawa. Abin da na gane kawai shi ne, wanda ke kusa ba a cika nuna shi ba, kuma ba don ba a ganinsa ba ne. Ni aka ba aiki da faɗa da ruwan wanke ƙafa. Ƙanwata zarenta aka ajiye.

Mahaifiyata ta rasu, kwallar ta dawo hannuna. Zaren yana ciki, fari fat, ba abin da ya taɓa shi tunda bai ga ruwa ba. Da ƙanwata ta zo ta gan shi, ta ce in kai shi gulbi mu ƙarasa abin da muka fara. Na rufe kwallar na ce mata a'a. Yanzu ni ma shi kaɗai gare ni da Inna ta riƙe a hannunta.