Shafin Pak Darmaji

Bu Warsini, mai shagon rinannun zannuwan batik a garin Pekalongan, ta daɗe da shafin intanet ɗin da marigayi mijinta, Pak Darmaji, ya gina mata da hannunsa. Hotunan duk a karkace suke, amma ƙarƙashin kowane zane ya rubuta labarinsa, har da tsokanarta.

Ranar da shafin ya tsaya cak, 'yarta Ningrum ta ce mata, "Ibu, uwata, mu koma irin shiryayyen shafin nan da kowa ke haya mana."

"Shi ma zai riƙa ce mini mai rowar shuni?"

Ningrum ta yi dariya, ta kwafe rubutun mahaifinta zuwa sabon shafin. Ciniki ya ƙaru ƙwarai. Bu Warsini dai cewa take wurin kamar ɗakin otal ne, tsaf-tsaf, amma babu ƙamshin kowa.