Yarinyar da Muka Ɗauka Kurma Ce

Shekara ta yi nisa, na aurar da 'ya'ya har na ga jikoki, amma akwai wani abu da ya same ni a shekarar da kogin Binuwai ya yi ambaliya wanda ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah.

A Jambutu muke zaune, nan cikin Garwa, maigidana mahauci ne. Ruwa bai shigo unguwarmu ba, amma ya cinye ƙauyukan bakin kogi, aka riƙa kwaso mutane a kwale-kwale ana sauke su a wata lakwal, wato makarantar boko. Mu matan unguwa muka haɗa kai, kowacce ta kawo abin da ya sawwaƙa: masara, shinkafa, tsofaffin tufafi. Mahauta kuma suka ɗauki nauyin nama. Ni aka ba ni aikin girki a ajin da aka ware wa yaran da ba a ga iyayensu ba.

A cikinsu akwai wata yarinya doguwa siririya, ba za ta wuce shekara shida ba. Jandarmomin da suka kawo ta sun ce wasu mutane ne suka miƙo ta daga jirgi, su ma ba su san 'yar wane ne ba. An yi mata Fillanci, shiru. Na yi mata Hausa, shiru. Wata madam daga ofishin kula da yara ta yi mata Faransanci, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Sai aka rubuta a takarda cewa kurma ce, mu kuma muka yarda. Ni har ihu nake yi mata a kunne idan zan ba ta abinci, wai ko za ta ji. Yanzu idan na tuna, kunya ce ke kama ni.

Abin da ya fara ɗaure mini kai, wata rana akuya ta yi kuka a bayan aji, sai na ga ta waiga da sauri. Na ce a raina, kurma kuma? Daga ranar na sa mata ido. Na lura ba ta damu da nama ba, ture shi take yi gefe, alhali sauran yara har dambe suke a kansa. Amma ranar da wata baiwar Allah ta kawo busasshen kifi, yarinyar nan ta zauna ta zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya da 'yan yatsunta, yadda ni babba ban iya ba.

Sai kuma zare. Duk buhun shinkafar da muka farke, sai ta tsince zaren bakin ta ɓuya a lungu tana ƙulle-ƙulle. Na ɗauki abin na kai gida na nuna wa maigida. Ya jujjuya shi ya ce, "A ina kika samo wannan? Ai ƙullin raga ne, na masunta. Wanda ya yi shi a gidan masunta ya tashi."

Na ce, "Alhaji, yarinya ce fa ƙarama."

Ya ce, "To kai ta kasuwar kifi mana. Masuntan kogin nan daga ko'ina suke zuwa, wataƙila yarenta ne babu mai ji a cikinku."

Lokaci kuwa ya ƙure mana, domin madam ta ce ranar Litinin za a kwashe yaran da ba a zo nema ba a kai su gidan marayu, a ba su sabon suna a takarda. Na roƙe ta ta ba ni yarinyar na rabin yini. Da farko ta ƙi, ta ce idan wani abu ya faru ita za a tambaya. Sai da na bar mata katina na ɗan ƙasa sannan ta yarda.

Muka hau babur zuwa kasuwar kifi ta wajen gada. Na riƙa bin rumfuna ina cewa da Fillanci, "Don Allah ku yi wa yarinyar nan magana da yarenku." Wasu suka gwada, wasu suka yi mini dariya. Har na gaji zan juya, sai wata dattijuwa mai sayar da banda, mutuniyar Yagwa, ta ɗaga murya tana yi wa maƙwabciyarta faɗa da yarensu, Masanci. Sai na ji an damƙe mini zani. Na duba, yarinya ta buɗe baki tana kallon matar.

Na ja ta muka je. Na ce, "Dada, maimaita abin da kika faɗa."

Matar ta sunkuya ta yi mata kalma biyu. Wallahi kamar an fasa tulu! Yarinyar da ta yi kwana goma sha ɗaya ba ta ce uffan ba, ta riƙa zuba magana tana kuka, tana nuni da hannu. Ni ma na tsaya ina hawaye, ban san me take cewa ba. Dattijuwar ta fassara mini: ubanta ne ya ɗora ta a jirgin wasu, ya koma ɗauko uwarta da jaririya, ya ce ta jira shi. Ta faɗi sunansa da sunan sansaninsu na masunta. Can sai matar ta kwashe da dariya. Na ce lafiya? Ta ce, "Wai tana tambaya, me ya sa kike mata ihu kullum, ko ke ce ba kya ji sosai?"

Dattijuwar ta ba direbobin da ke ɗauko kifi saƙon cigiyar uban, madam kuma ta cire yarinyar daga cikin masu tafiya gidan marayu. Kwana tara bayan haka wani dogon mutum ya zo ƙofar lakwal, ya rame, ƙafafunsa duk faso. Ashe uban yarinyar ne, bakin kogi yake ta bi yana neman gawarta. Ya kasa shigowa, ya durƙusa a nan ƙofa. Yarinya ta hango shi ta taga, ta zubar da kwanon kununta ta ruga. Uwarta tana da rai, tana asibiti. Jaririyar ce ruwa ya tafi da ita. Abin da kawai ya iya ce mini shi ne "Useko, useko," wato "na gode" da Fillanci, yana riƙe da kan 'yarsa.

Ba duka yaran ajin ne suka yi wannan dacen ba. Uku ba a taɓa zuwa nemansu ba, muka ci gaba da kai musu ziyara a gidan marayu har suka girma.

Abin da na koya shi ne, ciyar da yaron da masifa ta raba da nasa abu ne mai kyau, amma bai isa ba. Mun cika mata ciki kwana goma sha ɗaya, muka kusa raba ta da ubanta har abada, don kawai mun yanke hukunci ba mu bincika ba. Tun daga lokacin, idan na ga yaro ya yi shiru, ba na cewa ba shi da magana. Zama nake yi kusa da shi, in nemi hanyar da zan ji shi.