Malam Nu'uman, Dillalin da Ya Tambayi Ubangidansa

Kullum da safe, kafin rana ta yi zafi, za ka ga Malam Nu'uman Sada ya turo tsohon mashin ɗinsa zuwa rumfar dillalan filaye da gidaje da ke kusa da tasha a Birnin Kudu. Ba ya fara zama. Sai ya bi abokan sana'a yana gaisawa, kowa ya jefa masa tambayar da ta ishe su: "Jiya wani ya kira ka ya ce ka karanto masa lambobin da suka shigo wayarka?" In aka ce a'a, ya ce alhamdu lillahi, ya wuce na gaba. Daga nan sai daji. Yau Surko, gobe Kangire, jibi Yalwan Damai, domin shi bai taɓa sayar da filin da ƙafarsa ba ta taka ba, bai kuma taɓa barin wuri bai gaisa da maƙwabtan iyaka ba.

Kai, mutumin nan akwai naci! Har tsokanarsa ake yi da Malam Tambaya. Maiɗakinsa Zahara'u ma takan ce ko gishiri ta aika a sayo sai ya tambayi wa ya shaida. To yanzu gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara gardama, ya ce a ƙarshen watan nan zai ajiye mashin. Wannan labari ya tayar wa da yawa daga cikinmu hankali, shi ya sa ya dace a faɗi abin da ya yi tun yana ji da kunnensa.

Wanda bai san sana'ar nan ba sai ya fara sanin abu guda. A tsakanin dillalai, in babba ya ce "na tsaya masa," magana ta ƙare. Ma'ana ya san mai filin, ya kuma ɗora sunansa a kai. Ba a sake tambaya. Wanda ya tambaya kamar ya ce wa babban nan maƙaryaci ne. A duk yankin nan kuwa babu wanda tsayawarsa ta kai ta Alhaji Hambali na Gwaram nauyi, dattijon da ya tsufa a sana'ar ba a taɓa kai shi gaban dagaci kan rikicin fili ba. A hannunsa Malam Nu'uman ya koyi dillanci yana saurayi, har gobe kuma Baba yake ce masa.

Wata safiya a daminar bara, saƙo ya faɗo zauren Wasap na dillalai daga lambar Alhaji Hambali. Hoton fuloti ne a bakin titin Gwaram, da rubutu cewa mai shi yana Legas, yana da matsala, zai sayar da araha, amma a tura kuɗin kafin alƙalami yau ta lambar asusun da ke ƙasa. Bayan rubutun sai saƙon murya, muryar Alhaji sak, da ɗan tarin nan nasa: "Wannan mutum na tsaya masa. Ku yi ciniki ba fargaba."

Ubaidullahi, wani dillali mai zafin nema, ya miƙe tsaye. Da ma yana da mai saye, Hajiya Batulu, wadda mijinta direban babbar mota ya rasu, take neman inda za ta ajiye abin da ya bar wa marayu kafin ya zube. Nan take ya kira ta, ta ce ga ta nan zuwa.

Malam Nu'uman ya saurari muryar, ya sake saurare. Murya dai ta Baba ce, babu musu. Amma Baba ba ya rubutu a waya, komai da baki yake faɗa, kuma muryar ba ta ambaci sunan mai filin ba. Ya kira lambar, a kashe. Ya tura gaisuwa ta Wasap, sai amsa ta zo a rubuce: "Ina asibiti da mara lafiya. A hanzarta, wani daga Kano zai ɗauka."

"Ubaidu," in ji shi, "ka dakata da Hajiya. Zan je Gwaram in ga Baba ido da ido."

Ubaidullahi ya ce, "Subhanallahi! Malam, Alhaji Hambali ya tsaya, kai kuma za ka je ka tuhume shi? Kai da ya rene ka?"

"Ba tuhuma ba ce. Tambaya ce."

"A wurinmu duk ɗaya ne, ka sani. Na ba ka zuwa azahar. In an idar da salla ban ji komai ba, wallahi turawa za mu yi. Ba zan bar marayu su rasa fili saboda tsoronka ba."

Kai ne ka hau mashin ranar, Malam. Mun ji daga bakinka cewa duk hanya tunani biyu ke cin ka. In saƙon na Baba ne, ka zubar da abin da ke tsakaninku, domin dattijo ba zai manta yaronsa ya taso takanas don ya gwada maganarsa ba. In kuma ba nasa ba ne, kafin la'asar sunan Alhaji Hambali ya zama sunan wanda aka cuci marayu da bakinsa, kuma babu rantsuwar da za ta wanke shi, tunda kowa ya ji murya. Ka ce har sau nawa ka rage gudu kana neman juyawa. Ba ka juya ba.

Ruwa ya sauka da asuba, hanya duk taɓo. Da Malam Nu'uman ya isa Gwaram rana ta yi sama. A gida aka ce Alhaji yana gona tun safe, babu kuma wani mara lafiya a asibiti. Nan ya gane amsar da aka rubuto masa ƙarya ce. Ya bi ta cikin gonaki, inda mashin ya ƙi ya sauka ya tura, har ya hango dattijon a gindin ɗorawa yana duba masu noma.

"Nu'umanu! Lafiya? Wa ya rasu?"

Malam Nu'uman ya durƙusa. Ya ce, "Baba, ka yafe mini abin da zan tambaya. Kai ka tsaya wa mai filin bakin titi?"

Fuskar dattijon ta canza. "Ni kake tambaya ko na tsaya?"

"Kai nake tambaya, Baba."

Malam Nu'uman ya miƙa masa waya. Alhaji Hambali ya ji muryarsa tana fita. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wannan maganar bara na yi ta, a kan gonar wani bawan Allah a Kangire. Ni ban san wani fili a bakin titi ba." Sannan ya tuna. Jiya wani mai ladabi ya kira shi, ya yi masa ranka ya daɗe, ya ce ana yi wa manyan dillalai rajista don wani taro a Dutse, ya karanto lambobin da za su shigo wayarsa. Ya sa aka karanto masa. Tun daga lokacin Wasap ɗinsa ya rufe, shi kuma ya ɗauka wayar ce ta tsufa, ashe da lambobin nan aka ƙwace masa shi.

Inuwa ta riga ta dawo gindin bishiya, azahar ta kusa, kuma a gonar babu sabis ko ɗigo. Dattijon da ke tafiya da sanda ya haye bayan mashin ko takalmi bai gama sawa ba. Suka yi ta gudu sai da suka hau wani tudu waya ta kama. Malam Nu'uman ya kira Ubaidullahi, ya miƙa wa Alhaji.

"Ubaidu, Hambali ne. Kada ka tura! Ban tsaya wa kowa ba!"

Ubaidullahi yana tsaye a shagon masu tura kuɗi, Hajiya Batulu tana gefensa, an riga an fara danna lambar asusun. Abin dariya abin kuka, sai ya ce, "To Alhaji, ɗazu ma muryarka na ji. Wacce zan yarda da ita?"

"Kada ka yarda da ko ɗaya! Ka tsaya ka ga fuskata, ga ni nan tafe."

Haka aka yi. Da la'asar suka iso Birnin Kudu, taɓo har gwiwa. Hajiya Batulu na ganin su ta zauna a ƙasa tana salati, jakarta a ƙirji. Ubaidullahi ya kasa haɗa ido da kowa. Alhaji Hambali ya tsaya a tsakiyar rumfar, waɗanda suke wurin sun ce hawaye ne a idonsa, ya ce, "Ku ji da kyau. Da yaron nan ya ji kunyata, da yau na mutu a tsaye. Daga yau duk wanda ya ji an ce na tsaya, ya zo ya tambaye ni. Ba raini ba ne. Wanda bai tambaya ba shi ya raina ni."

Ba a kama ɗan damfarar ba, kuma ba za mu yi ƙarya mu ce an kama shi ba. Abin da aka samu shi ne, tun daga ranar Malam Nu'uman ya ɗauki abin ya zama aikinsa, ba albashi ba la'ada. Ya bi rumfunan dillalai daga nan har Gwaram yana maimaita magana ɗaya har aka gaji da shi. Lambobin da suka shigo wayarka naka ne, ko wa ya kira kada ka karanto. Hoto ba fili ba ne. Duk mai cewa a tura yau ko a rasa, a bar shi ya rasa. Kuma kafin alƙalami ba ya fita sai mai fili, mai unguwa da maƙwabtan iyaka sun tsaya a kan ƙasar. Wasu sun ce yana kashe musu kasuwa. Ya ce su yi haƙuri, ya ci gaba.

Kai ne, Malam, ka nuna mana cewa girmama babba ba ya hana a kare shi. Na Zahara'u, mai taka fili kafin ya yi magana, mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwa lafiya, ya sa hutun nan ya zama mai albarka.

Amma gaskiya muna cikin fargaba. Mutanen nan ba su huta ba, kullum da sabuwar dabara, har ana cewa yanzu suna iya haɗa muryar mutum ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. In Malam Tambaya ya zauna a gida, wa zai yarda a yi masa kallon marar kunya? Ku matasan dillalai, wannan aikin ya dawo kanku. In saƙo ya zo da sunan babbanku, ku tashi ku je, ku durƙusa, ku tambaya, ko da gabanku yana faɗuwa.

Makon jiya wasu magada a Surko suka yi saɓani kan iyakar gona. Dagaci ya tambaye su wane dattijo suka yarda ya zo ya raba. Ɓangarorin biyu, ba tare da sun yi shawara ba, suka ce a kira Alhaji Hambali. Da labarin ya iso rumfa, Malam Nu'uman ya sunkuyar da kai, sannan ya share ido da hannun riga ya ce, "Alhamdu lillahi. Sunan Baba yana nan."